Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba

Ba ɗabi'ata ba ce in tanka wa kowa, to amma tunda wani ya mayar da majalisar bayan Isha'i a nan Jidda wurin kiran ɗakina bola saboda tsofaffin kayan sautin da nake tarawa, ya zama dole in yi 'yar magana. Ban kama suna ba, mai kaza a aljihu ne kawai ba ya jimirin as.

Shekara 12 ke nan ina sammako zuwa Harajin Sawarikh, kasuwar kayan gwanjo ta Jidda, ina tonon tsofaffin amfilifaya da rediyoyin da Larabawa suka gaji da su, tun lokacin da malam bai san bambancin amfilifayar Sansui da akwatin burodi ba. Rediyona mai amfilifaya, Marantz 2270, da yake yi wa dariya saboda ƙarfinta wat 70 ne kacal a kowane ɓangaren lasifika, hagu da dama, a 1971 aka fara fitar da ita, kuma wata huɗu na yi a kanta ina cire kafasitocin da suka bushe ɗaya bayan ɗaya, ina kankare tsatsar da gishirin iskar Bahar Maliya ya bari a ƙafafun tiransistoci, hayaƙin dalma yana shigar mini ido. Daren da shuɗin hasken fuskarta ya kama, allurar mita ta motsa, har maƙwabcina ɗan Yaman sai da ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambayar abin da ke kiɗa.

Shi kuwa gwanin namu, Allah ya ƙara masa basira, yana ta yaɗa hoton tasa amfilifayar, Pioneer SX-1980, a Facebook, wai ya mallaki sarauniyar 1978 mai wat 270 a kowane ɓangare. Madalla. Sai dai duk wanda ya taɓa ɗaga ta gaskiya ya san nauyinta ya kai kilo 35, ciki har da na ƙatuwar tiransifoma da manyan kafasitoci, kuma sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin a hau bene da ita. Ta malam kuwa, a gabana ƙaramin yaronsa ya rungume ta ya sauya mata wuri kamar yana ɗauke da faranti. Ina cikinta ya tafi? An kwashe kayan asali, an liƙa ɗan allon zamani mai araha, an goge fuska da mai, an cusa fararen fitilu masu kashe ido irin na shagon sayar da waya, sannan ana nema wa gangar jikin dubban riyal daga hannun alhazan da ba su san dawan garin ba.

Ba zan tsaya kan wata amfilifayar da aka ƙera domin kasuwar Japan mai cin bolt 100, wadda wani ya soka kai tsaye a wutar 220 ba tare da ya duba bayanta ba. Ƙaurin ya kwana biyu a layin, kuma an ce laifin mai sayarwa ne.

Ranar Juma'a bayan La'asar ƙofata a buɗe take, akwai shayi da dabino. Ya zo da tasa, zan ajiye tawa a gefenta, mu kwance murafe a gaban jama'a. Idan ba shi da sukudireba, ina da guda biyu.