Na rufe kwata, ta buɗe mini aiki

Gidanmu a lungu yake cikin Kano, irin lungun da kwata ke bin gindin katanga tun daga bakin zaure har titi. Gab da Babbar Sallah na sa aka shafa wa katangar fenti ruwan madara. Ruwan farko da aka sheƙa, indararo ya riƙa sako shi daga sama yana dukan tsakiyar kwatar, baƙar laka na fantsama. Kafin gari ya waye katanga ta yi dabbare-dabbare har ƙugu. Uwargida ta leƙa ta ce, "Maigida, shi wannan zanen nawa ka biya?"

Ban tanka ba. Na kifa guntun kwanon rufi a kan kwatar, na danne da bulo. Daren nan ba wanda ya runtsa a layinmu, sai ka ce makaɗan kalangu muka gayyato. Da safe maƙwabci ya aiko yaro a ji ko biki muke ba a faɗa masa ba.

Na ce to, sai siminti. Birkila kuwa ba zan kira ba, kwaɓa siminti ai ba digiri ba ne. Na je Ƙofar Ruwa na sayo rodi, na haɗo da buhun siminti, na jera falanki, na zuba na shafe sumul. Ko ƙofar da allura za ta bi ban bari ba. Kazar maƙwabta ta bi ta kai ta bar sawunta, na ce ado ne.

Sai Agusta ta kawo marka. Ruwan da a da yake faɗawa rami, yanzu kan daɓe mai tauri yake dira, ya yi tsalle har taga. A ƙarƙashi kuma ledojin fiya wata sun cunkushe hanya, ba ta inda za a zura sanda a zungure. Ruwa ya rasa mafita, ya juyo ta makwararar tsakar gida da duk abin da muka zubar tun safe. Takalmana suka bi buta suna yawo a ƙofar ɗaki. Tsakar dare ga ni nan da singileti, fitilar waya a baki, ina dukan aikin hannuna da taɓaryar uwargida. Simintin ya yi kyau, gaskiya. Taɓaryar ce ta rabu biyu.

Birkila ya zo da hantsi, ya zagaya, ya kama haɓa.

"Alhaji, wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Wani yaro ne."

"Allah ya shirye shi."

Na ce amin da ƙarfi.

Ya ce kwata ba ta da laifi, tsayin da ruwan ke faɗowa ne ke sa shi fantsama. Ya fasa daɓen, ya ɗaura fayif daga bakin indararo ya sauko da shi jikin bango har cikin kwata, ya yi wa gindin katanga filasta. Mai walda kuma ya yi mana ragar ƙarfe wadda ake ɗagawa a kwashe shara. Aka yi ruwa, ko ɗigo bai taɓa fenti ba. Har kujera na fitar ina kallo.

Ranar Juma'a mun dawo daga masallaci, sai ga kwata baki buɗe. 'Yan jari bola sun ɗaga ragar cikin sauƙi, kamar yadda mai walda ya yi alkawari. Ina tsaye ina salati, uwargida ta ɗaga labule.

"Maigida, in za ka koma kasuwa, kar ka manta da taɓaryata."