Takardunmu cikakku, amma an tashe mu daga bakin teku cikin dare

Wallahi har yanzu raina bai huce ba. Mutum ya daɗe yana tara ɗan abin da zai kai iyalinsa su ga teku, ya cire kujerun bayan motarsa ya shimfiɗa katifa, ya loda risho da jarkokin ruwa don kada kuɗin otal ya karya shi, sannan wani ya zo cikin dare ya ci masa mutunci a gaban 'ya'yansa. Abin da ya same mu ke nan a gaɓar Jamhuriyar Benin, bayan mun wuce Kwatano da Wida, kusa da Grand-Popo, inda bishiyoyin kwakwa suka yi layi har bakin ruwa.

Mun idar da sallar isha, yara sun kwanta, ƙofar gefe a buɗe saboda iska, sai na ji an daki jikin motar da tafin hannu. Ba sallama, ba komai. Wani mai kaki ne riƙe da tocila. Ya fara haska lambar motar, daga nan ya ɗora hasken a kan fuskar uwargida, ya ƙi kawarwa, har ta ja mayafi ta rufe ido. Ƙaramar yarinyar ta farka da kuka.

Yana jin Hausa, kuma wannan ya fi ƙona mini rai, domin ba zan ce rashin fahimta ba ne. Ya ce, "Ɗan Najeriya, me kuka ɓoye a ciki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, iyali ne, hutu muka zo."

"Hutu? Fetur kuka kawo, ko shinkafa za ku ɗauka?"

Na haɗiye. Na miƙa masa fasfo ɗinmu, da katunan rigakafin zazzaɓin shawara, da inshorar ECOWAS, da takardar izinin shigo da mota. Ya lashi yatsa yana buɗe su shafi-shafi, ya juya bayansu, ya sake komawa farko. Da bai samu abin kamawa ba sai ya naɗe su ya cusa a hammata. Ya sa na sauke katifar a kan jiƙaƙƙen yashi. Ya buɗe jarkokin ruwan shanmu ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa. Babban ɗana yana tsaye yana kallon ubansa yana "yi haƙuri, yallaɓai" ga mutumin da a haife zai yi ƙanensa.

Da ya gama ya ce nan ba wurin kwana ba ne. Na nuna masa wata ƙatuwar mota mai lambar Turai, ba nisa da mu, masu ita sun baje kujeru suna hira da dariya. Ya ce, "Waɗancan baƙi ne." Na ce, "Mu fa, yallaɓai?" Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, kai ba yaro ba ne. Ka san abin da ake yi." Na bayar, domin fasfon 'ya'yana na hammatarsa. Ya wurga takardun kan kujerar direba, ya ce kada asuba ta same mu a wurin.

Idan doka ce ta hana kwana a nan, a faɗa mini cikin mutunci, ni mai bi ne. Tekun yankin yana da mugun ja, kowa ya sani, da ya ce don lafiyar yara ne da har godiya zan yi masa. Amma wace doka ce take ganin baƙar fata mai koren fasfo, ta makance a kan Bature? Wace doka ce kuɗin goro ke ɗage ta?

Duk da haka ba shi kaɗai nake jin haushi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin mu isa iyaka, tsakanin Badagiri da Seme, shinge nawa muka tsaya? Wanda ya taɓa bin hanyar ya san amsa. Namu na gida su ne suka fara tare mu, suna leƙa mota, suna tambayar abin da muka kawo musu. Maƙwabci yana gani. Me zai sa ya girmama wanda gidansu ba a girmama shi?

Tun 1979 shugabannin ECOWAS suka sa hannu cewa ɗan yankin zai shiga kowace ƙasa cikinsu ba biza, ya zauna har kwana 90. A 1982 aka kawo inshorar mota ta bai ɗaya. A 2018 Buhari da takwaransa na Benin, Talon, suka buɗe ofishin iyaka na haɗin gwiwa a Seme, aka ce wahala ta ƙare. Ko shekara ba a cika ba, a Agustan 2019, gwamnatinmu ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020, kuma talakawan ɓangarorin biyu ne suka sha wuyar. Su masu sa hannun a jirgi suke tafiya, ba wanda ya taɓa sa su sauke katifa. A Yunin 2023 aka saki naira ta faɗi warwas, alhali sefa tana ɗaure da yuro ba ta motsi. Ga dalilin da ya sa magidanci ke kwana a mota da iyalinsa maimakon ya kama ɗaki.

Kuma me ya fitar da mu tun farko? Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, ta Benin ba ta wuce 125 ba. A duk tsawon nan namu, a nuna mini wuri ɗaya da hukuma ta ware wa mai ƙaramin ƙarfi, da famfo da banɗaki da mai gadi, ya ajiye mota ya kwana hankali kwance. Bar Beach ta Legas, inda a da kowa ke zuwa shan iska, an cike ta da yashi an kafa sabon birnin Eko Atlantic don masu hannu da shuni. Sauran wurare masu kyau an katange su, sai ka biya a ƙofa kafin ka ga ruwan da Allah ya halitta. Jakadunmu da ke zaune a Kwatano, da 'yan majalisar da ke karɓar alawus a taron ECOWAS, su fito su gaya mana amfanin wannan fasfo da muke bin dogon layi muna biyan kuɗi kafin mu karɓa.