Ƙannena, Ku Rabu Da Manhajar Sata

Ranar Asabar na je wani shagon gyaran kwamfuta a Tudun Wada a canza mini batirin laftof. Ina zaune kan benci sai ga wani ɗalibi ya shigo, idanu jajir, rungume da tasa laftof ɗin. Kundin kammala karatunsa, babi huɗu cif, ya ƙi buɗuwa, fayilolinsa duk sun kulle. Mai shagon ya tambaye shi me ya saka kwanan nan. Ya ce Microsoft Office ne wanda aka fasa, abokinsa ya ba shi a filash, kuma sai da aka ce ya kashe manhajar da ke tare bairos kafin ya shiga. Na ce masa, "Ƙanina, da hannunka ka sallami maigadi, sannan ka buɗe wa ɓarawo ƙofa?" Ya sunkuyar da kai.

Wallahi abin nan yana ƙona mini rai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mutumin da ba ka san sunansa ba, ba ka san ƙasarsa ba, ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja ya watsa ta kyauta, kana tsammanin don Allah ya yi? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Da a ce babu mafita ne sai in yi muku uzuri. Amma ga manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, waɗanda masu su suka halatta wa kowa, kuma duk mai ilimin abin zai iya duba yadda aka gina su. LibreOffice tana nan tun 2010, tana buɗe takardun Word da Excel, tana fitar da PDF. Gaskiya wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan goce, sai ka gyara. To wannan ɗan gyaran da asarar babi huɗu, wanne ya fi ciwo? Ga VLC na kallon bidiyo, ga GIMP na gyaran hoto, ga Firefox na shiga intanet. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10, kuma da yawa cikin laftof ɗinmu na gwanjo ba sa ɗaukar Windows 11. Maimakon a saka Linux Mint ko Ubuntu, nau'o'in Linux masu buɗaɗɗen tushe da ke maye gurbin Windows, sai a koma neman wata Windows ɗin ta sata. Shi Linux ɗin nan ɗalibi ne irinku, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991 a Helsinki, kuma a kansa aka gina Android da ke aljihunku.

Na waya ma ya fi muni. GB WhatsApp, wato jabun WhatsApp! Don kawai ka karanta saƙon da aka goge, ko ka leƙa sitatus ɗin mutane ba su sani ba. Gulma ce zalla. A wayar nan manhajar bankinka take, da hotunan iyalinka, amma ka miƙa ta ga wanda ba ka sani ba, ga kuma WhatsApp na rufe lambobin masu amfani da irinta. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ga Signal ta aika saƙo, ga rumbun F-Droid cike da manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, ba mai waiwayarsu.

In ka yi magana sai ka ji, "Yaya, ban saba da ita ba," ko "ai kowa haka yake yi." Manhajar cacar ƙwallo wa ya koya muku? Cikin dare ɗaya kuka ƙware. Datar da kuke ƙonawa a TikTok daga isha'i zuwa asuba ta isa ku sauke LibreOffice ku koye ta.

Mun taso a garin nan in ka shigo gida da biron da ba naka ba sai ka faɗi inda ka samo shi, kuma a ranar za ka mayar. Iyayenmu ba sa barin kayan shubuha ya kwana a ɗaki. Yau mutum zai fito daga masallaci ya zauna ya buga takardar gayyatar walima da manhajar sata, ko a jikinsa. Ina kunya ta tafi?

Kafin in bar shagon, mai gyaran ya gaya wa yaron nan ba abin da zai iya sai dai a goge komai a sake. Na ce bari a saka masa LibreOffice, ni zan zauna in nuna masa. Ya ce, "Na gode Yaya, amma a mayar mini da waccan ɗin dai." Har na hau keke napep zuwa gida maganar na cina.