Zaizayar ƙasa: na kan tudu ke shan wahalar gyara, toh shi me zai samu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gona lokacin da ruwan farko ya sauko bayan dogon rani ya san abun da zan faɗa. Ƙasa ta bushe ƙamas, babu ciyawa babu kara a kwance saboda an kwashe ko dabbobi sun cinye, ɗigon ruwa na dukan ƙasa kai tsaye, cikin mintuna kaɗan sai ka ga samanta ya yi ɓawo kamar an daɓe, ruwa ya rasa ta inda zai shiga. Sai ya kama hanya. Da farko siriri ne kamar zare yana bin tsakanin kunyoyi, can ya haɗu da ɗan uwansa, kafin ka ankara ya yi jawur yana gudu da taki da iri da duk ƙasar kirkin da ke sama. Wannan jan da kake gani a cikin ruwan gonar wani ce take tafiya. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ce santimita 2 zuwa 3 na ƙasar noma kan iya ɗaukar shekara 1000 kafin ya samu, amma mamakon dare ɗaya ya isa ya kwashe shi daga gangare.

Matsalar ita ce ba mu cika lura ba sai abun ya iso ƙasa. Sai kwazazzabo ya raba ƙauye biyu, ko gada ta karye, ko yashi ya binne fadama, ko dam ya cika da laka, sannan kowa zai taso, a kawo katafila da siminti a bada kwangila. Ni ban ce kar a yi ba, akwai ramin da in ba injiniya ba babu mai iya tare shi, kuma wanda gidansa ke bakin gaɓa ba zai jira bishiya ta girma ba. Amma ruwan da ya fasa wajen ba a nan ya taru ba. Ya taru ne tun daga can sama, gona bayan gona, makiyaya bayan makiyaya, duk faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikin ƙorama ɗaya, kamar yanda duk ruwan da ya zuba a kan rufi ke haɗuwa a indararo. Ruwa bai san iyakar gona ba balle iyakar ƙauye ko gunduma, shi dai gangare yake bi. Shi yasa masana ke cewa a fara daga kan tudu a biyo ƙasa, a rage ma ruwa gudu tun yana ƙarami, a tilasta masa ya tsaya ya nutse.

Dabarun kuma ba wasu ɓoyayyu bane, manoma ne ma suka ƙirƙiri mafi yawansu. Jera duwatsu a kan layin da ya gitta gangare, wanda ake aunawa da siririn tiyo mai ruwa a ciki a ɗaure a jikin sanda biyu. Dasa jema ko gamba a layi su riƙe ƙasa. Rabin wata, wato rami mai siffar rabin da'ira da ke tare ruwa. Ƙananan shingen duwatsu a cikin ƙorama. Da kuma tassa, wadda a Burkina Faso suke kira zai, wadda marigayi Yacouba Sawadogo na yankin Yatenga ya farfaɗo da ita har duniya ta san shi ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Ka haƙa ɗan rami a faƙo tun da rani, ka tara ƙasar a gefen da ruwa zai fita, ka zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, gara ta zo cin takin ta yi ta huda ƙasa, in ruwa ya sauko sai ya kwanta a ramin ya bi hudojin nan ya shige. Wajen da ko ƙaya ba ta fitowa sai ka ga hatsi ya tsaya. Amma dan Allah ka tambayi wanda ya taɓa haƙa dubban ramukan nan a ƙasa mai tauri cikin zafin rana, aiki ne na ɗaruruwan awoyi a hekta ɗaya, kuma lokacin yinsa shine daidai lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa, matasa sun tafi neman kuɗi.

Toh a nan ne maganata take. Wahalar gyara tana kan na sama, riba mafi tsoka kuma sau da yawa tana gangarowa wajen na ƙasa. Mai gonar tudu shine zai kwashi duwatsu, shine zai sadaukar da wani yanki na gonarsa ga layin ciyawa, shine za a ce ya daina sakin awakinsa a kan dutse, matarsa ce za a hana shiga yin itace. Wanda rijiyarsa za ta daina ƙafewa, wanda fadamarsa za ta tsira daga yashi, da birnin da dam ɗinsa zai daɗe bai cika da laka ba, duk suna can ƙasa, wasunsu ma ba su san da zamansa ba. Kuma galibi na kan tudun nan su ne mafi talauci, dan da ma mai hali shi ke riƙe da ƙasa mai kyau ta kusa da ruwa. Ta yaya za ka ce ma mutumin da bai san abun da iyalinsa za su ci wata mai zuwa ba ya yi haƙuri shekara uku ko biyar ƙasa ta farfaɗo? Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai wani ƙauye a jihar Haryana ta Indiya, Sukhomajri, labarinsa ya kamata duk mai tsara irin wannan aiki ya sani. An gina tafkin Sukhna a birnin Chandigarh a 1958, zuwa shekarun 1970 laka ta cinye babban kaso nasa, da aka bi sawu sai aka gano yawancin lakar daga tsaunukan da ke kusa da wannan ƙauye take fitowa, inda dabbobi suka cinye komai suka bar ƙasa tsirara. Wani masanin ƙasa mai suna P.R. Mishra ya je da shawarar a daina kiwo a kan tsaunin, mutane ba su ko kula shi ba, kuma gaskiya ban ga laifinsu ba, tafkin mutanen birni ne, awakin kuma nasu ne. Abun bai canza ba sai da aka gina masu ƙananan madatsun ruwa na ƙasa daga 1976, suka samu ruwan ban ruwa a gonakinsu, suka ga da idonsu cewa in tsaunin ya ci gaba da zubewa nasu dam ɗin ne zai fara cikewa. Daga nan su da kansu suka hana kiwo, ba shingen waya ba ɗan sanda. Sannan abun da ya fi burge ni, suka raba haƙƙin ruwan daidai wa daida ga kowane gida har da wanda ba shi da gona ko taku ɗaya, yana iya sayar da kasonsa, dan sun san in aka bar marar gona hannu rabbana shine zai fara sakin dabbobinsa da daddare. Hukumar gandun daji ma ta ba su damar yankan ciyawar da ta fito, mutane suka koma ɗaure dabbobi a gida suna sayar da madara.

Kwatanta wannan da abun da ya faru a Habasha. Bayan yunwar 1984 zuwa 1985 an yi gagarumin aikin gina shingayen ƙasa da na dutse da killace tsaunuka, ana biyan mutane da abinci, a lokacin da ƙasa duk mallakin gwamnati ce kuma ba a shawara da manomi. Da gwamnatin soja ta lokacin, wato Derg, ta faɗi a 1991, wurare da yawa manoma da hannunsu suka rushe shingayen suka shiga wuraren da aka killace suka sare. Masu cewa biyan mutane yana ɓata su suna yawan kawo wannan misali, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, in mutum dan buhun hatsi kawai ya jera dutse, ranar da buhu ya daina zuwa ranar ce zai daina gyarawa. Amma ni a ganina ba biyan ne ya kashe aikin ba. An biya su ladan ƙwadago ne a kan abun da ba nasu ba, ba su da tabbacin gonar za ta kai baɗi a hannunsu, wani shingen ma ya cinye masu fili ya zama gidan ɓeraye. Waye zai kula da abun da aka ɗora masa dole?

A Machakos ta Kenya ma kusan haka aka yi, Turawan mulkin mallaka sun tilasta ma mutane yin matakala a gangare suka tsani abun, amma daga baya da hanya ta buɗe zuwa kasuwar Nairobi, noma ya fara biya, su da kansu suka dinga yi ba wanda ya sa su, har tsakanin 1930 da 1990 jama'ar yankin ta ninka kusan sau biyar amma zaizaya ta ragu.

Maganar mallaka fa ba ƙarama bace. A Jamhuriyar Nijar shekaru da yawa doka ta ɗauki bishiya a matsayin ta gwamnati ko da a tsakiyar gonarka take, ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara, toh me zai sa ka bar ta ta girma? Tun tana toho ake kawar da ita. A farkon shekarun 1980 Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya da ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa duk shekara kututturan bishiyoyi ne masu rai da saiwarsu a ƙasa, in ka zaɓi toho ɗaya ko biyu ka rage sauran ka kare su, cikin 'yan shekaru sun zama itace. Sassaben zamani kenan. Amma abun ya bazu ne sosai da manoma suka samu tabbacin cewa itacen nasu ne, za su iya sassaƙa su yi girki, su ba dabbobi ganye da 'ya'yan gawo, su sayar. Yau ana ƙiyasin hekta kusan miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200 da suka dawo ta wannan hanya, ba tare da motocin dashe ba. Idan na tuna yawan bukukuwan dashen itace da na gani, a kafa allo a ɗauki hoto a watse, ba a bar ma kowa alhakin ban ruwa ba, kafin rani ya raba akuya ta gama da su, wallahi abun yana min ciwo, dan kuɗin da aka kashe a ranar kaɗai da ya isa a biya matan ƙauyen su kula da wajen shekara guda.

Ko ƙasar Sin da ake yawan nuna hotunan tsaunukan Loess yanda suka koma kore, ba umarni kaɗai ya yi aikin ba. Babban koginsu, Rawayen Kogi, wato Yellow River, a da yana kwasar laka kusan tan biliyan 1.6 a shekara, mafi yawa daga wannan yanki. Aikin da aka fara da Bankin Duniya a 1994 ya hana sakin dabbobi a gangare, eh, amma ya biya mutane kuɗin yin matakala, ya ba su takardar riƙe fili na dogon lokaci, ya taimaka masu da kiwon gida da gonakin 'ya'yan itace, sannan daga 1999 gwamnati ta fara ba manomi hatsi da kuɗi in ya daina noma gangare mai tsayi. Birnin New York ma a 1997 ya gwammace ya sa kuɗi a yankunan da ruwan shansa ke fitowa, har da tallafa ma manoman wajen, maimakon gina katafaren wajen tace ruwa. Ma'ana na ƙasa ya yarda cewa na sama aiki yake masa, ya biya.

Ban ce komai zai tafi sumul ba. In na sama suka tare ruwa da yawa, na ƙasa ma zai iya ganin ƙoramarsa ta ragu, sai an zauna an yi lissafi. Kwamitin ƙauye kuma in ba a sa ido ba masu ƙarfi ne za su mamaye shi, a raba ruwa da ciyawa a tsakaninsu. Sannan akwai makiyayi mai wucewa, wanda ba ya cikin rajistar kowane ƙauye, in ka killace wajen da ya saba bi ba ka bar masa burtali da mashaya ba, ka gyara ƙasa ne ka shuka rigima. Shi ma dole a kira shi zaman tun farko, haka matan da ke ɗebo ruwa da itace, dan su ne suka fi kowa sanin wace rijiya ce ke fara ƙafewa da kuma wane wata.

Saboda haka duk wata gwamnati ko ƙungiya da ta zo da shirin tare zaizaya, ni abun da nake so in fara gani a kasafin kuɗinta ba yawan itacen da za a dasa bane ko tsawon shingen da za a gina. A nuna min layin da aka rubuta abun da mai awaki goma zai ciyar da su daga ranar da aka rufe tsauni zuwa ranar da za a fara yankan ciyawa, da inda matarsa za ta samu makamashi a tsakanin, da takardar da ta ce ciyawar da itacen da ruwan da za su fito na wane ne da wane, da sa hannun hukuma a kai, tun kafin a ɗora dutsen farko.