Tallafin karatu a Amurka: ba faɗuwa jarrabawa kaɗai ke yanke shi ba

Iyaye da yawa cikin 'yan uwanmu mazauna Amurka, daga Bronx har Greensboro, suna ɗauka da zarar yaro ya cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya, an ba shi tallafin Pell, wato kuɗin da ake ba ɗalibai marasa hali ba a matsayin bashi ba, to kuɗin zai yi ta zuwa har ranar da ya karɓi digiri. Ba haka abin yake ba. Duk kuɗin karatun da ke fitowa daga gwamnatin tarayya, tallafin Pell ne, ko bashin karatu, ko aikin da ake ba ɗalibi a cikin makaranta, yana rataye da wani sharaɗi da ake kira SAP: sai ɗalibi ya nuna karatunsa na tafiya yadda ya kamata. Sharaɗin yana ƙarƙashin dokar ilimi mai zurfi ta 1965 da gyare-gyaren da aka yi mata, tsarin da makarantu ke bi yau kuwa ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 2011. Maganar ta shafi 'yan ƙasa, da masu katin zaman dindindin, da 'yan gudun hijira da aka ba mafaka. Mai bizar karatu ta F-1 ba ya samun wannan kuɗi, amma tallafin da makarantarsa ke ba shi daga aljihunta galibi yana da sharaɗin maki irin nasa.

Ma'auni uku ake dubawa. Na farko kowa ya san shi, wato GPA, matsakaicin makin ɗalibi. Doka ta ce a karatun da ya wuce shekara biyu, a ƙarshen shekara ta biyu dole ɗalibi ya kai matsakaicin C ko abin da zai ishe shi kammalawa, kuma yawancin makarantu sun tsayar da shi a 2.0 cikin 4.0. Na uku shi ne iyakar lokaci: kada kiredit (ma'aunin nauyin kowane kwas) da ɗalibi ya yi wa rajista ya wuce kashi 150 cikin 100 na abin da digirin ke buƙata. Digiri mai kiredit 120 iyakarsa 180 ke nan, takardar shekara biyu mai kiredit 60 kuma iyakarta 90.

Na biyun ne ke kayar da yara, kuma shi ne iyaye ba su cika ji ba. Ana ɗauko duk kiredit ɗin da ɗalibi ya ci, a raba da duk wanda ya taɓa yi wa rajista. Akasarin makarantu suna neman kashi 67 cikin 100. Lambar ba ta faɗo daga sama ba: in ka raba 120 da 180 za ka sami kashi biyu bisa uku, wato wanda ya gaza haka ba zai gama kafin iyakar lokaci ta cim masa ba.

Ga yadda tarkon yake. Ɗalibi ya ga lissafi ko kimiyyar haɗa sinadarai na neman kayar da shi, sai abokai su ce ya janye daga kwas ɗin don kada F ta ɓata masa maki. Ya janye, aka rubuta masa W. Gaskiya ne W ba ta taɓa GPA. Amma a lissafin SAP kwas ne da aka yi wa rajista ba a ci ba, daidai yake da wanda aka faɗi. Haka harafin I na aikin da ba a kammala ba, har sai an cike shi. Haka kuma maimaita kwas: kowace rajista ana ƙirga ta.

A ɗauki yarinyar da ta yi rajistar kiredit 15 a zangon farko, kwas biyar masu kiredit uku-uku. Ta janye daga biyu, ta ci uku da A da B. Makinta ya yi kyau, gida ana murna, amma 9 cikin 15 kashi 60 ne, ta riga ta faɗo ƙasa da layi. Idan zango na biyu ta ɗauki 12 ta cinye duka, ta zama 21 cikin 27, kusan kashi 78, ta fita. Wanda kuwa ya ci 6 kacal cikin 15, ko ya cinye 12 na gaba ba kuskure, 18 cikin 27 yake, kashi 66.7. Wata makaranta za ta cika masa ta ce 67, wata ta ce bai kai ba. Wannan ɗan ɗigon yana iya zama bambanci tsakanin samun tallafin da ya kai dala 7,395 a shekara, wanda shi ne mafi yawan Pell a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, da rasa shi gaba ɗaya.

GPA ma dawo da shi ba wasa ba ne. Mai 1.2 a kiredit 15 yana da maki 18. Kafin ya kai 2.0 bayan ƙarin kiredit 12, sai ya tara 54, wato yana buƙatar 36 a zango ɗaya, matsakaicin B a kowane kwas. Yaron da ya fito daga zangon D da F ake cewa ya koma mai B cikin wata huɗu, ga shi yana tuƙin mota ko aikin dare don biyan haya.

Saboda haka shawarar da ta fi kowace amfani ita ce a yi lissafin kafin rajista, ba bayan sakamako ba. Kowane zango yana da 'yan kwanakin farko da ake iya ajiye kwas ba tare da ya bar alama a takardar sakamako ba. A wuce wannan rana, sai W. Mai aiki awa 30 a mako gara ya ɗauki kiredit 9 ya cinye da ya ɗauki 15 ya zubar da 6, ko da kuɗin Pell ɗin zai ragu daidai da yawan rajistarsa. Ban da mai bizar F-1, shi dokar shige da fice ta wajabta masa cikakken karatu, kiredit 12 a matakin digirin farko.

Akwai abin da ya fi shafar mutanenmu. Rasuwa ta faru a Kumasi ko Maraɗi ko Kano a tsakiyar zango, yaro ya bi iyaye gida, aka yi sati uku ko huɗu. Babu mai cewa kada a je. Amma wanda ya bar dukkan darussansa kafin a cinye kashi 60 cikin 100 na zangon, doka ta ce bai ci dukkan tallafin ba, makaranta za ta mayar wa gwamnati ragowar, sannan ta juyo ta bi shi bashin kuɗin makaranta. Ya dawo ya tarar da bashi, ga W a jere. Idan kuma yana da bashin karatu na gwamnati, watanni shida na sassauci suna fara ƙirguwa daga ranar da ya sauka ƙasa da rabin karatu. Kafin a sayi tikiti, a shiga ofishin tallafin karatu a tambayi ranar cikar kashi 60, a kuma roƙi malamai su ba da I maimakon a janye, in aikin da ya rage kaɗan ne.

In an riga an faɗi fa? Ya danganta da makarantar. Wadda ke duba SAP a ƙarshen kowane zango tana iya sa ɗalibi a matakin gargaɗi: zango ɗaya yana karɓar kuɗi ba tare da ya rubuta komai ba. Wadda ke dubawa sau ɗaya a shekara ba ta da wannan dama, ranar da ta duba ta ga ya gaza, tallafi ya tsaya. Abin da ya rage shi ne takardar koke, in makarantar tana karɓa, domin doka ba ta tilasta mata ba. Dalilan da aka ambata su ne rasuwar ɗan uwa, rashin lafiya ko rauni, ko wani yanayi na musamman. Dole takardar ta amsa tambaya biyu: me ya jawo gazawar, kuma me ya canja yanzu. Ta biyun ce masu koke ke mantawa. Su cika shafi da labarin wahala, su rufe da alkawarin ƙara ƙoƙari. Kwamitin da ke duba koken ba alkawari yake nema ba. Yana son ganin takardar likita ko shaidar rasuwa, da wasiƙar wurin aiki cewa an rage awoyi, da jerin kwasa-kwasan da za a ɗauka. In an amince, ana ba da zangon gwaji ɗaya, ko tsarin karatu da aka sa wa hannu wanda zai kai ɗalibi ga ma'aunin a wani lokaci da aka ƙayyade.

Ban ga laifin sharaɗin a kan kansa ba. Kuɗin masu biyan haraji ne, Pell kuma tun 2012 iyakarsa zango 12 na cikakken karatu a tsawon rayuwa, don haka barin yaro yana ƙona shi ba tare da tara kiredit ba cutarwa ce gare shi. Inda nake da ja shi ne yadda lissafin ba ya mantuwa. Ana ƙirga duk zangon da mutum ya taɓa yi a makarantar, har wanda ya biya da kuɗinsa. Hutun zango ɗaya ko na shekara goma ba ya wanke komai. Ko makaranta ta yafe tsofaffin maki a takardarta, a lissafin SAP suna nan. Matar da ta faɗi zango biyu tana da shekara 19, ta dawo tana da 35 da niyyar karatun jinya, tsohon sakamakon ne zai tarbe ta a ƙofa. Mai hali ya biya zango biyu daga aljihu ya gyara lissafinsa. Marar hali, wanda don shi aka yi Pell, ya koma gida.

Kuma an nuna sassauci mai yiwuwa ne. A 2020, dokar CARES ta ba makarantu damar cire kwasa-kwasan da aka bari saboda annobar korona daga lissafin kashin da aka ci. Abin da bai buƙatar sabuwar doka ma shi ne kowace makaranta ta riƙa dubawa duk zango, ta aika wa ɗalibi lambobinsa ƙarara: ka yi rajistar kaza, ka ci kaza, saura kiredit kaza ka faɗo. Saƙon imel mai cewa a duba matsayi a shafin makaranta ba ya isa ga yaron da babu wanda ya taɓa shiga jami'a a gidansu.

Masu canja fanni su yi hattara da iyakar 180 ɗin. Ba sai an kai ta ake yankewa ba; ranar da lissafi ya nuna ɗalibi ba zai iya gamawa a cikinta ba, ranar tallafin ke tsayawa. Wanda ya yi rajistar 130, sabon fanninsa kuma yana buƙatar ƙarin 60, ya riga ya haura. Wasu makarantu suna ƙirga kwasa-kwasan da suka shafi sabon fannin kaɗai, wasu suna ƙirga duka, kuma wannan yana rubuce a takardar manufar SAP ta kowace makaranta. Kiredit ɗin da aka karɓa daga wata makaranta kuwa ana sa shi a ɓangaren rajista da ɓangaren ci a lokaci ɗaya, don haka yana ɗaga kashin ɗalibi, amma yana cin wani abu daga cikin 180 ɗin.