Hanyar da Teku Ke Ara Sau Biyu a Rana

Duk wanda ya ce maka hanyar bakin teku shimfiɗaɗɗiya ce, to a taswira ya gan ta. A taswira kam ba ta da laifi: siririn layi ne yana bin gefen shuɗin ruwa, yana 'yar lanƙwasa a hankali. Abin da taswirar ba ta ɗaga murya ta faɗa ba shi ne, a yankin da duwatsu suka gangaro har cikin teku, kowace lanƙwasa kwari ne da ruwan sama ya haƙa. Sai ka sauka cikinsa, ka hau ka fito, ka tarar da wani yana jiranka. Yayana ne ya kai ni na gano haka, kuma har gobe ina riƙe da shi a rai.

Shi Yaya ciwon keken burji ne ya kama shi. Keke ne da in ka hango shi za ka ce na tsere ne, don hannunsa a lanƙwashe yake zuwa ƙasa, amma tayoyinsa masu kauri ne, faɗin milimita 40 ko 45, da 'yan haƙora a jiki, ga birkin faifai gaba da baya. An ƙera shi ne don inda kwalta ta ƙare: tsakuwa, burji, turɓaya, hanyar gona. Tun da Yaya ya mallaki nasa ba a ƙara yin hirar kirki da shi ba. Ka tambaye shi lafiyar yara, ya ba ka labarin gasar Unbound da ake yi a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, wadda aka fara a 2006 da mutum 34, mil 200 a kan tsakuwa. Ka ce masa ya aiki, ya gaya maka sai a 2022 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a wannan fanni a yankin Veneto na Italiya, kuma Gianni Vermeersch ɗan Beljiyam ne ya cinye ta maza. Yadda yake kiran sunan, sai ka rantse lambarsa na cikin wayarsa.

Da ya sayi sabo sai ya ce in hau tsohon mu je shan iska. Ya nuna mini hanyar a waya, wata ce da wani bawan Allah ya taɓa bi ya ɗora a manhajar masu keke.

"Kilomita 45 ne kacal, ƙanina. Kafin rana ta take mun dawo."

Na ga wata lamba a ƙasan taswirar, 1,200, da 'yar kibiya tana kallon sama. Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ya ce, "Wannan ta matsorata ce."

Jimillar mitocin da za mu hau ke nan, ashe.

Rigimarmu ta farko a kan iska ce. Ya kama tayoyina yana sace musu iska har ma'aunin famfo ya sauko 35, wai taya mai laushi ita ke rungumar tsakuwa ta wuce, mai tauri kuwa tsalle take yi a kai. Ni kuma tun da aka haife ni na san taya mai laushi ta malalaci ce. Da ya juya yana ɗaure hular kwano, sai na mayar da abata 60. Har yau ina nan a kan bakana, abin da ya biyo baya laifin hanyar ne.

Don hanyar ba ta yi wata-wata ba. Muna barin kwalta muka faɗa gargada, irin 'yan kunyoyin nan da tayoyin mota ke jerawa a kan burji, ɗaya bayan ɗaya ba iyaka. Yaya ya wuce sumul. Ni kuwa kamar an ɗora ni a kan injin niƙa: haƙora na haɗuwa, idanu na ganin teku biyu, hular kwano ta sauko ta rufe mini gira. A nan ne gorar ruwana ta yanke shawarar ba za ta iya ba. Ta yi tsalle daga mariƙinta, ta daki dutse, ta yi gangare tana juyi, ta tsaya a bakin wani tsauni ta ɗan yi tunani, sannan ta faɗa. Na tsaya ina jiran in ji ƙarar saukarta. Ban ji ba. Wannan ya ba ni labarin nisan ƙasa fiye da duk abin da ke cikin wayar Yaya.

Sai hawa na farko. Wayar ta ce kashi 15 cikin ɗari, ma'ana kowane mita 100 da ka ci a gaba ka tashi sama mita 15. A rubuce ba wani abu ba ne. A kan tsakuwa mai zamewa kuwa fitina ce mai baki biyu. In ka miƙe tsaye don ka danna feda da ƙarfi, nauyi ya bar tayar baya, sai ta riƙa juyawa a banza tana watsa tsakuwa. In ka zauna ka ja baya, tayar gaba ta ɗaga tana neman sama. Yaya na ta ihu daga can gaba: "Zauna a bakin sirdi! Kwantar da ƙirji! Sa ƙaramar giya!" Na danna giya na danna, har yatsana ya gaji, ashe tuni na kai ta ƙarshe.

To akwai wani sharri da ban faɗa ba. Yaya ya sa ni sa takalmin masu keke, mai ƙarfe a tafinsa wanda ke maƙalewa a feda. Amfaninsa ƙafarka ba za ta zame ba komai gargada. In za ka cire, sai ka murɗa diddige waje. Abu mai sauƙi, in hankalinka na jikinka. A tsakiyar hawan nan keke ya tsaya cak. Na ja ƙafa sama, ta ƙi. Na sake ja, ta ƙi. Akwai wani ɗan lokaci da mutum da kekensa ke tsaye ba gaba ba baya, yana sane sarai da abin da zai faru, har yana da sukunin zaɓen gefen da zai faɗi. Hagu teku, dama ƙaya. Na zaɓi ƙaya. Na tafi a hankali, cikin natsuwa, hannuna na riƙe da birki, ƙafafuna na kan feda, har na kwanta.

Shaidu kuwa awaki ne. Suna tsaye a kan wani dutsen da ko da tsani ba zan hau ba, suna tuƙa. Wani tsohon bunsuru ya dube ni, ya dubi keken da ke kaina, ya ci gaba da tuƙarsa. Da dariya ya yi da ta fi mini sauƙi.

A saman tudun dai, gaskiya ɗaya ce, wurin ya yi kyau. Duwatsu farare sun yi layi har inda ido ya ƙare, ruwa na dukan gindinsu yana tashi fari fat. Sai dai ba a barin mutum ya more. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama, ta teku ta kwararo ta maye gurbin, kuma duk ta kaina ta biyo, tana tura ni gefe.

Gangaren ne ya ci taya. Duwatsun wurin ba irin mulmulallun bakin kogi ba ne, fasassu ne masu kaifi. Tayoyin keken ba su da tub a ciki, wani farin ruwa mai danƙo ake zubawa, in ƙaya ta huda sai iska ta turo shi bakin ramin ya daskare ya toshe. Dabara ce mai kyau ga ƙaramin rami. Nawa ba rami ba ne, dutse ne ya tsaga gefen tayar gaba, inda roba ta fi sirantaka. Sai ji na yi fiss, fiss, fiss, kowane juyi ɗaya taya na fesa mini farin ruwan nan a fuska. Kafin in tsaya na yi furfura har a gashin ido.

Yaya ya dawo, ya matsa tayar baya da babban yatsa, ya dube ni. Na dubi teku.

Ya fito da kayan aikinsa. Ya cusa wata 'yar igiyar roba a tsagar, ta fito. Ya cusa biyu, suka fito tare. Daga ƙarshe sai da muka cire tayar, muka zubar da sauran ruwan, muka shimfiɗa guntun tsohuwar taya ta ciki don kada tub ya leƙo ta tsagar, sannan muka sa tub. Famfon nasa bai fi tsawon tafin hannu ba, kuma wai ladabi ne ƙane ya buga. Na yi ta bugu har kafaɗata ta mutu, rana kuwa ta daɗe da takewa.

Wannan jinkirin shi ya kai mu ga babban abin. Layin da ke waya ya sauka wani lungu tsakanin duwatsu biyu, ya bi ta kan yashi ya ɓulla ɗaya gefen. Muka sauka. Layi na nan a waya, shuɗin ɗigon da ke nuna mu na kansa daidai, amma a gabanmu ruwa ne yana kai da kawowa. Wani dattijo na zaune a kan dutse yana gyaran raga. Muka gaisa.

Yaya ya ce, "Baba, don Allah nan ce hanya?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Da safe hanya ce."

Shi ya yi mana karatun da manhaja ba ta yi ba. A yawancin gaɓoɓin duniya teku na cika ya janye sau biyu a rana, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin ke matsawa gaba da kamar minti 50 kullum. In wata ya cika ko yana sabo, cikar ta fi yawa. Kuma ba da gudu ɗaya ruwan ke shigowa ba: a farko yana rarrafe, a awa ta uku da ta huɗu yake zuwa da gaske, kusan rabin ruwan a nan yake shiga. Wanda ya ɗora hanyar a manhaja ya wuce ne lokacin da teku ya ja baya, bai kuma ga dalilin gaya wa kowa ba.

"Yanzu awa ta nawa ke nan, Baba?"

"Ta uku. Ku zauna, 'ya'yana, da dare zai ba ku hanyarku."

Yaya ba ya jin irin wannan magana. Ya ce ai iya idon sawu ne. Ya saɓa sabon kekensa a kafaɗa ya shiga. Taku na farko idon sawu ne, gaskiyarsa. Ana haka wata igiyar ruwa da ba ta san da maganar ba ta taso ta dake shi a ƙugu, ya zauna daɓas, keke ya nutse har sirdi. Ya fito yana tsiyaya, yashi a kunne, wata koriyar ciyawar teku na rataye a hular kwanonsa. Ruwan gishiri kuwa ba abin da ya tsana irin sarƙa da ƙananan ƙarafan cikin wili. Dattijon ya ja zarensa ya ɗaure, ya ce, "Sannu." Ni ban yi dariya ba. Tari ne ya sarƙe ni, ya kuma daɗe bai sake ni ba.

Baba ya nuna mana wata 'yar turba da bakinsa, wadda ta miƙe sama ta cikin duwatsu. Ta awaki ce, kashinsu ma na nan shaida. Muka saɓa kekuna. Keken da bai wuce kilo 10 ba a ƙasa, a kafaɗa ƙaruwa yake da kowane taku, feda na sukar haƙarƙari, ƙarfen takalmi na zamewa a kan dutse, maƙogwaro ya bushe, Yaya kuma ya ce ruwan gorarsa na gaggawa ne. Ban san wace gaggawa yake jira da ta wuce wannan ba.

Muka ɓulla sama da rarrafe, sai ga kwalta. Baƙa wuluk, santsi, da farin layinta a tsakiya, ta miƙe ta bayan tuddan nan duka ba hawa ba sauka. Muna tsaye muna haki sai ga wani yaro a kan tsohon keke mara giya, silifa a ƙafa, ƙaninsa a baya, hannu ɗaya a aljihu. Ya rage gudu ya kalli furfurata, ya kalli ciyawar kan Yaya.

"Sannunku, Kawu. Hatsari kuka yi?"

Yaya ya ce, "Motsa jiki muke."

Yaro ya ce to Allah ya sawwaƙe, ya wuce.

Yaya ya duba waya ya ce layinmu ya sake sauka ta hagu, akwai sauran tsakuwa mai daɗi kilomita 20, kuma mai keken burji na gaske ba ya taka kwalta sai dole. Na ce Allah ya kiyaye hanya, na hau kwaltata. Na ji ƙarar tsakuwa a bayana na ɗan lokaci, sai ta ɗauke. Can sai ga wani ƙiiƙi, ƙiiƙi na matsowa, sarƙar da ta sha gishiri da yashi ce ke kuka. Ya jero da ni, yana kallon gaba, ruwa na ɗiga daga wandonsa. Mun yi tafiya mai nisa kafin ya buɗe baki.

"Tayarka ta baya," ya ce, "iska ta yi mata yawa."