Mai i'itikafi, ajiye wayar nan

'Yan uwa masu shirin shiga i'itikafi a masallatan Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Rigasa, ku ji tsoron Allah game da waya. Abin da ake gani yanzu ya isa ya sa mutum kuka: ana rige-rigen shimfiɗa kusa da soket, caja ta fi Alƙur'ani samun kulawa, wani ma yana ɗora hoton tabarmarsa a Facebook don a san ya shiga. Subhanallah!

A gindin Dutsen Sina akwai gidan ruhubanawa, wato Kiristoci masu keɓe kansu don ibada, da aka gina tun ƙarni na 6 na Miladiyya, har yau mazaunansa na tashi ibada kafin gari ya waye. Mu ba a ɗora mana ruhubananci ba. Kwana 10 kacal aka sunnanta mana, shi ma mun kasa riƙe shi.

Ka shiga kafin faɗuwar rana a 20 ga Ramadan, a masallacin da ake Juma'a, domin a mazhabar Malikiyya fita zuwa Juma'a wani wuri yana ɓata i'itikafin. Ka bar babbar waya a gida. In dole ne, ka riƙe ƙarama mai maɓalli, ka sanar da iyali lokaci guda da za su same ka, misali bayan La'asar. Cefanen gida da ɗinkin Sallah a gama su kafin ka shiga, don su ne ke janyo kira goma a yini.

Izu 6 kullum, ka sauke Alƙur'ani cikin goman. Amma wanda ya cika ciki da buɗa-baki, ya zauna hira har lokacin tahajjud, a tsaye zai yi gyangyaɗi. Ka ci kaɗan, ka yi barci da hantsi, ka yi ƙailula.

Kuma ka rage murya, ɗan uwa. Manzon Allah (SAW) yana i'itikafi ya ji sahabbai na ɗaga murya da karatu, ya yaye labule ya hana su cutar da juna. Karatu ke nan fa! Ina ga sautin bidiyo da dariya a kan wanda ya yi sujada yana roƙon gafara?

Don Allah ka ajiye wayar. Iyalinka sun haƙura da kai kwana 10 saboda Allah, kada ka kashe kwanakin a WhatsApp.